Randar Ladan

Asabar, 17 ga Maris, 2001, bayan la'asar

Yau Baba Elias ya zo daga Yalwa duba Baba. Da na san abin da zuwansa zai haifar, da na tare shi tun daga Wunti, inda rumfar facina take, na karɓi lemon da ya riƙo na ce ya koma, gaisuwa ta iso.

Tsohon abokin Baba ne. Tare suka yi aikin kuku a gidan wani Ba'amurke mai haƙa rijiyoyi, tun kafin yaƙin basasa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bara, magana ta ɗauke, bai samu zuwa ba sai yau. Ya zauna yana ta zuba labarin da, Baba na bin sa da ido, har na ga gefen bakinsa mai rai ya motsa kamar zai yi dariya. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi.

Na fito raka shi daidai lokacin da mutane ke alwala a ƙofar masallacin unguwarmu ta Ƙofar Ran, wanda ke jingine da katangarmu. Sai ya ja ya tsaya. Ya ga randar Ladan. Randa muke ce mata amma ba ta ƙasa ba ce, ta katako ce, mai tumbi, da ɗamarar ƙarfe. Baba ne ya ajiye ta nan tun ban zo duniya ba. Shi ke cika ta kafin ya kira asuba. Da ya kwanta aka ba wani kiran salla, ni na gaji cikawar.

Kunnen Baba Elias ya yi nauyi, in yana magana kamar da mutumin hayi yake. Ya dafa ta da hannu biyu ya ce, "Kai, Sabitu! Wannan ganga yana nan da rai? Gangan wiski na Mista Hofman ke nan! Giya ya fi shekara goma yana kwana a cikin nan kafin a kawo shi Bauchi!"

Alhaji Babayo, shugaban kwamitin masallaci, ya cika baki da ruwa ke nan zai kurkure. Sai da ya fesa wa na kusa da shi.

Baba Elias yana dariya yana neman wanda zai taya shi. Ba wanda ya taya. Na ja hannunsa muka wuce.

Lahadi, 18 ga Maris, hantsi

Na cika ta kamar kullum. Kowa ya zo da butarsa cike daga gida.

Talata, 20 ga Maris, azahar, rumfar faci

Magana ta riga ni isa Wunti. Wani ɗan acaɓa ya kawo faci, ina tsoma tif a ruwa ina neman huda, ya ce, "Sabitu, ashe mutanen Ƙofar Ran a buge kuke salla? Shi ya sa limaminku ke jan sura." Aka fashe da dariya. Na gama masa facinsa, na ba shi.

Yaran unguwa kuma sun sauya mata suna. Jiya randar Ladan, yau gangar giya. Waɗanda iyayensu mata suka yi wankan jegonsu da ruwanta. Na ji wata yarinya ta ce wa ƙanenta, "Kar ka taɓa, ta Ladan mai giya ce." Ba yarinyar nake jin haushi ba. Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan, a gindin murhu yake tsinta.

Alhamis, 22 ga Maris, bayan magariba

Takalma nake dubawa. Tun da Baba ya kwanta, bayan kowace magariba ƙofar ɗakinsa cike take da takalman 'yan dubiya, har sai na jera su gefe don a samu hanya. Yau ƙafa biyu na gani, na Inna da nawa.

Mansir, ɗan yayan Alhaji Babayo, wanda ya dawo daga karatu da azumin bara, ya tara samari bayan salla. Ya ce duk wanda ya yi alwala da ruwan nan sai ya rama sallolinsa, in ba haka ba ya je lahira da buhun iska. Wani tsoho ya ce, "To ni da na fara tun ina da baƙin gashi, daga ina zan kama?" Mansir ya ce wannan tambaya ce da za a yi wa wanda ya kawo gangar.

Wanda ya kawo ta yana kwance bayan katangar nan, ba ya iya ce wa ƙuda tashi.

Tun da aka fara maganar shari'a a garin nan kowa ya zama malami. Ni ma ina son shari'a, wa ya ƙi ta? Amma ban san da mara lafiya ake gwada kaifinta ba.

Shi kuwa Alhaji Babayo. Shi ne fa in ya yi baƙi daga Kano yake kawo su da kansa ya ce su sha su ji, duk Bauchi ba ruwa mai sanyi da garɗi kamar na randar Ladan. Shi ne ke aiko da gora a ɗebar wa tsohuwarsa, wai ba ta iya shan wani. Yau na gaishe shi, ya amsa wa bango.

Juma'a, 23 ga Maris, da safe

Na cika ta. Ba ta ragu ba, amma na zuba, don Baba ya ji ƙarar.

Lahadi, 25 ga Maris, da yamma

Na je Yalwa wurin Baba Elias. Na tafi da niyyar in yi masa faɗa, na tarar ya riga ya ji labari, yana zaune gindin mangwaro ya kasa cin abincin da 'yarsa Liatu ta ajiye masa. Ya ce, "Bakina ya kashe abokina." Sai na fasa faɗan. Na ce ya gaya mini komai daga tushe.

Ya ce Mista Hofman daga wani wuri yake a Amurka, Fensilbaniya. Kakansa da babansa dafa giya ce sana'arsu. Akwai wani hatsi can, rai suke ce masa, kamar alkama amma ya fi tsawo da siranta, yana yi a ƙasar sanyi inda sauran hatsi suka ƙi. Shi suke niƙawa su jiƙa ya tashi, su dafa a tukunyar jan ƙarfe, tururin ya koma ruwa, fari fat. Ya ce a lokacin ba ya shawuwa, kamar wuta. Sai a zuba a ganga sabuwa wadda aka babbake cikinta har ta yi gawayi, a rufe, a manta. Da zafi katako ya sha, da sanyi ya mayar. Shekara da shekaru haka. Wanda ya zuba ba lallai shi zai buɗe ba, uba kan zuba ɗa ya buɗe. Kowace shekara yana raguwa, wai abin da ya bi iska rabon mala'iku ne. Na ce a'uzubillahi. Ya ce Baba ma haka ya ce a lokacin, Bature ya yi dariya har da tari.

Ya ce har can ma gwamnati ta taɓa hana giya. Aka zo gidan kakan da gatura aka farfasa gangunan a tsakar gida. Tsohon bai yi kukan giyar ba, kukan gangunan ya yi, don da hannunsa ya harhaɗa su. Ba ƙusa, ba danƙo, katako ne kawai ke rungume da katako. Da aka ɗage dokar suka sake farawa amma ba su koma kamar da ba, har gidan ya rufe. Wannan tana cikin na ƙarshe da baban Hofman ya zuba. Mista Hofman ya sa aka kawo masa ita ta jirgin ruwa, daga Ikko ta jirgin ƙasa. Duk Lahadi yake tsiyayar kaɗan, ya zauna shi kaɗai yana kallon dutse.

Da yaƙi ya matso zai tafi, ta riga ta ƙare. Ya ce ba zai iya ɗaukar ta ba, kuma ba zai iya barin a faskara ta ba. Ya dubi ma'aikatansa duka ya ba Baba, don ya ga shi ne ba ya fasa ko kofi. Ya ce masa abu ɗaya: kada ka bar ta da ƙishi. In ta bushe za ta watse.

Sannan na yi tambayar da ta kawo ni, ko Baba ya taɓa kai abin da ke cikinta baki.

Amsar ba zan rubuta ba.

Ya dai ce sun wanke ta da tafasasshen ruwa da toka har hannunsu ya saɓule. Baba ya ajiye ta ƙarƙashin indararo damina guda, ta cika ya zubar, ta cika ya zubar. Sannan ya kira limamin lokacin, mahaifin Malam Hammawa limaminmu na yanzu, ya zo ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya sa albarka. Na ce wa ya gani? Ya ce shi da Baba da liman. Ɗaya ya rasu, ɗaya ba baki, ɗaya kuma Kirista ne, ba za a karɓi shaidarsa a ƙofar masallaci ba.

Talata, 27 ga Maris, bayan asuba

Na tsaya har kowa ya watse na samu Malam Hammawa shi kaɗai yana jan carbi. Na gaya masa abin da na jiyo. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ina tsaye a bayan mahaifina ranar."

Na ce, "Allah gafarta Malam, to ka faɗa musu mana."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Sabitu, yaran nan kujerata suke nema, ba gangarku ba. In na buɗe baki yanzu za su ce liman ya halatta giya. A bar ƙura ta lafa."

Na ce to. Na ce Allah ya ƙara girma. Na fito.

A bar ƙura ta lafa. A kan fuskar wa za ta lafa?

Laraba, 28 ga Maris, bayan la'asar

An yi zama a cikin masallaci. Aka kira ni, tunda Baba ba ya iya zuwa. Baffa, ƙanen Baba, shi ma ya zo, ya zauna can baya kamar wanda ya zo rakiya.

Mansir ne ya yi yawancin maganar. Ban yi karatu mai nisa ba, aji huɗu na tsaya, amma na gane abin da yake nufi. Ya ce ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta sauya masa launi, ko ƙamshi, ko ɗanɗano ba. Sai ya juya ya ce, "To jama'a, ku ne kuke cewa ruwan nan ɗanɗanonsa daban ne. Ko ba ku faɗa ba? Daga ina ɗanɗanon ya fito?"

Ka ji fa. Yabon da suka yi shekara talatin da ɗoriya, shi aka ɗauko aka mayar sanda.

Wani ya ce shi dama tun tuni yana jin wani ɗan wari. Wani ya ce shi in ya sha sai ya ji kansa ya yi nauyi. Wannan mutumin da ko kunu ya sha barci yake! Alhaji Babayo ya ce shi bai taɓa cewa ruwan yana da garɗi ba, sanyi kawai ya ce. A cikin ɗakin Allah ya faɗi haka, ina kallon bakinsa.

Sai Mansir ya ce, "Malam Sabitu, kai ka fi kowa sanin ta. Tsakaninka da Allah, ruwan yana da ɗanɗano ko babu?"

Da na ce babu da na huta. Na duba Malam Hammawa, yana jan carbi. Na ce, "Yana da shi. Ɗanɗanon katako ne da gawayi. Ruwan randar ƙasa ma yana da ɗanɗanon ƙasa."

Ba wanda ya ji rabin na biyu. "Yana da shi" kawai suka ji. Aka yi kabbara.

Da muka fito Baffa ya ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ba ka iya cewa babu?" Na ce a masallaci aka tambaye ni. Ya yi tsaki ya wuce.

Alhamis, 29 ga Maris, hantsi

Sun tuntsurar da ita. Ruwan ya bi kwata. Suka gangara da ita bayan masallaci kusa da juji, inda ba inuwa, suka ce kada kowa ya taɓa ta sai kwamiti ya yanke ko a ƙone ko a faskara. Cikin wannan zafi na bazara.

Alhaji Babayo ya sayo tankin roba baƙi, an rubuta sunansa da farin fenti a jiki.

Asabar, 31 ga Maris, bayan asuba

Tagar Baba tana kallon ƙofar masallaci. Daga kwance ba ya hangowa, amma yana ji. Shi ya sa nake fita da bokiti kamar kullum ina juyewa a tankin, don kada ya rasa ƙarar ruwan.

Wauta ce. Roba ba ta amsawa kamar katako. Katako yana cewa bum, a ƙasa, kamar tsohon da ya gyara murya. Roba kuwa kwararo kawai take.

Da na shigo da kokonsa ya kafe ni da ido. Ya ɗaga hannunsa mai rai ya ƙwanƙwasa gefen gado sau biyu. Haka yake yi wa randa tun ina yaro, da ƙwanƙwasa yake sanin inda ruwa ya tsaya ba sai ya buɗe murfi ba. Na ce, "Tana nan, Baba." Ya sake ƙwanƙwasawa. Na ce tana nan lafiya. Ya juya fuska bango. Bai sha kokon ba.

Litinin, 2 ga Afrilu, da safe

Na zagaya da garwa zan zuba mata ko kaɗan ne. Samarin Mansir biyu suna zaune kan dakali, an sa su gadi. Gadin ganga. Ɓarayi sun kwashe takalman masallata sau nawa ba a sa gadi ba.

Na roƙi Baffa a bar ni in shigo da ita gida tunda masallaci ba ya so. Ya ce ba a gidan da yake ciki ba, yana da 'ya'ya mata da ake nema, ba zai bari a ce daga gidan giya suka fito ba. Na ce gidan nan wa ya gina shi? Ban faɗa da ƙarfi ba. Ban tabbata ma na faɗa ba.

Alhamis, 5 ga Afrilu, azahar

Ana ganin haske ta tsakanin katakon.

Juma'a, 6 ga Afrilu, bayan an sauko

Ruwan tanki da rana ba ya taɓuwa. Na ga tsofaffi suna tsoma yatsa suna janyewa, suna hura buta kamar shayi. Wani ya ce yana warin taya. Na so in ce to ku yi zama a kansa, a duba launi da ƙamshi da ɗanɗano.

Baba rabin moɗar koko ya sha yau. Inna ta ce, "Ka san dai ba koko yake ƙi ba." Na ce na sani.

Asabar, 7 ga Afrilu, da yamma

Ta watse.

Ba wanda ya taɓa ta, kada in ɗauki alhakin kowa. Ɗamarar sama ce ta zame da kanta da tsakar rana, katakan suka buɗe suka zube kamar an ɓare lemo. Na dawo daga Wunti na tarar yara sun ɗauki ɗamara ɗaya suna gara ta a layi. Masu gadi sun tafi, ba sauran abin gadi. Mansir ya ce Allah ne ya yanke hukunci da kansa.

Rana ce ta yanke, Mansir. Ko ƙwaryar uwarka aka bari a rana haka za ta yi.

Na karɓe ɗamarar. Na tsince katakan ɗaya bayan ɗaya na ɗaure da igiyar roba. Cikinsu baƙi ne, ya tsattsage kamar bayan kada. Na kai hanci. Gawayi da tsohon ruwa. Na shinshina kowanne, don in san gaskiya ni kaɗai. Gawayi da tsohon ruwa.

Baffa ya tare ni a zaure. Kafin ya buɗe baki Inna ta fito da mayafinta a hannu. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ƙanen mijinta murya ba. Ta ce, "Malam, matsa wa yaro ya wuce. Da ruwan randar nan aka wanke uwarku ranar da ta rasu, kai ka ɗebo da hannunka. In najasa ce, je ka tono ta ka sake." Ya matsa.

Lahadi, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Baba Elias ya zo bayan ya tashi daga coci, ta ƙofar baya, kansa a ƙasa. Ya ce ya taɓa ganin Bature yana ɗaure ɗamara, zai iya tunawa. A tsakar gida muka yi, daidai ƙofar ɗakin Baba, na ɗage labule.

Katakan ba sa shiga yadda ka ga dama. Kowane katako yana da maƙwabcinsa, in ka sauya masa ya ƙi zama. Muka jera, suka zube. Muka sake, suka zube. Baba Elias yana zufa yana faɗa da su da yarensu. Can sai na ji ƙwanƙwasa daga ɗaki. Na ɗaga wani katako na nuna wa Baba, shiru. Na ɗaga wani, ya ƙwanƙwasa. Haka muka yi har rana ta yi sanyi, shi yana zaɓa daga kan gado, mu muna jerawa. Ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa.

Baba Elias ya leƙa ya ce, "Hammadu, ka yafe mini bakina." Baba ya miƙa masa hannu.

Na buga ɗamara da guduma da guntun ƙarfen cire taya. Ta tsaya.

Talata, 10 ga Afrilu, da safe

Kamar kwando. Na zuba garwa, kafin in juya ta zube ƙasa. Matar Baffa ta ce na mayar musu da tsakar gida fadama. Ina zubawa.

Laraba, 11 ga Afrilu, da safe

Ina zubawa. Na lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna. Ban je Wunti ba.

Juma'a, 13 ga Afrilu, hantsi

Ta riƙe har gwiwa. Daga nan sama tana zufa. Katako yana sha yana kumbura, haka Baba Elias ya ce, ba a yi masa gaggawa. Baba ya shanye kokonsa.

Tsohuwar Alhaji Babayo ta aiko jikarta da gora a ɓoye cikin zane, wai ta ji an ce randa ta tashi, ruwan roba yana ƙona mata ciki. Na tsaya da gorar a hannu na daɗe. Abubuwa da yawa sun zo mini baki. Inna ta ce, "Tsohuwar ba ta je zaman ba." Na cika mata. Na ce wa yarinyar ta riƙe a fili, kada ta ɓoye. Tana fita zaure na ga ta mayar cikin zane.

Litinin, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Kafin la'asar aka yi sallama a zaure. Malam Hammawa ne. Rabonsa da gidan nan tun ranar da Baba Elias ya yi maganar. Ya shiga wurin Baba ya zauna a ƙasa, ba a kan buzun da Inna ta shimfiɗa ba. Ya ce, "Ladan, na zo." Baba ya dube shi. Bai miƙa hannu ba. Bai juya bango ba kuma. Kallo kawai, har Malam ya sunkuyar da kai. Ban san abin da ya gani a idon ba. Ni dai ba zan so a kalle ni haka ba.

Ya fito ya tsaya kan randa. Ya ce, "Sabitu, ba ni buta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a nan ba mai ganin ka."

Ni na faɗi haka. Ga liman. Inna ta dafe ƙirji.

Malam ya ce, "Za ta iya fita?"

Muka rage ruwan, ni da Baffa, wanda ban san lokacin da ya zo ya kama ɗaya gefen ba, muka juya ta a hankali har ƙofar gida. Ba ƙofar masallaci ba, ƙofar gidanmu, taku kaɗan ne tsakani. Na sake cika ta. An kira salla, mutane na taruwa. Malam ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya yi alwala a natse kamar mai koya wa yara, ya kurkure baki sau uku, ya kamfaci ruwan ya sha a gaban kowa. Ya ce, "Mahaifina ya duba randar nan ina tsaye. An wanke ta damina guda kafin ta zo nan. Ladan bai ɓoye wa limaminsa komai ba. Ni ne na ɓoye muku, sati huɗu. Da wannan alwala zan ja salla. Wanda bai yarda ba, ga masallatai nan da yawa."

Mansir ya ce, "Malam, ka san abin da kake yi?" Ya ce, "Yau dai na sani."

Mansir da samarinsa suka ɗauki takalma suka tafi. Ba su kaɗai ba, har da wasu manya da ban zata ba. Sahu bai kai yadda ya saba ba. Alhaji Babayo ya yi ta gyara hula a bakin ƙofa har aka tayar da iƙama, sannan ya shige sahun ƙarshe can lungu. Da ruwan tankinsa ya yi alwala.

Ban huce ba. Kada wani ya ɗauka na huce. Maganar da za a yi tun rana ta farko, sai da aka bar tsoho ya rame, aka bar yara suka koyi sunan da ba za su manta da wuri ba. An ce kwamiti zai zauna a kan limancin Malam. Su zauna.

Talata, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Takalma sun dawo ƙofar ɗaki, ba duka ba. Na san na waɗanda babu.

Da yamma na ɗauko Baba a baya na fito da shi ƙofar gida, na jingina shi da katanga kusa da ita. Ya yi nauyin yaro. Wani mai wucewa ya ce, "Sannu Ladan." Baba bai kula shi ba. Ya miƙa hannu ya shafa katakon daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya inda har yanzu take ɗan tsatsa, ya danna da babban yatsa. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya ƙwanƙwasa tsakiya, ya ƙwanƙwasa sama. Na sama ya yi amo.

Ya harare ni.

Na ɗauki garwa.